Shuɗin Rashawa da Ruwan Wara

Yalwa, Talata

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na bar gida, takardun jarrabawar 'yan aji shida naɗe cikin leda a hammatata. Umarnin ofishin ilimi shi ne su isa wata firamare a tsibirin gaban Wara kafin sha ɗaya, a bushe. In suka makara, yara sun yi asarar shekara.

A-kori-kura na hau. A shingen Birnin Yauri ɗan sanda ya latsa ledar.

"Kifi ne?"

"Lissafi ne."

Nan take ya sakar mini kayana.

Wara, tara da rabi

Na sha fura a tsaye, na shiga jirgin wani dattijo, Baba Manu. Shekara huɗu na yi karatu a Rasha, kuma ban cika barin mutane su manta ba. Na buɗe masa aji: Rashawa suna biyu gare su na shuɗi, mai duhu siniy, mai haske galuboi. Ba sa haɗa su, kamar yadda ba ma haɗa ja da rawaya, shi ya sa idonsu ya fi saurin raba su. Mu masu kalma ɗaya sai haƙuri.

"To, Malam, mi ka gani gabanmu?"

"Shuɗi."

"Madalla da karatu."

Tsakiyar tafki, goma da minti ashirin

Ga tsibirin ina hange, sai ya karkata jirgi hagu. Na nuna masa agogo, na ce ya miƙe.

"Wancan baƙin ruwa ne, zurfi. Wannan hwarin ruwa, laka. Na tsakiya ruwan icce muka ce mishi."

Ni duk shuɗi na gani. Ya rage inji, ya matsa gefen wurin, ya zura gora. Ko kamu biyu ba ta nutse ba, sai ta daki abu.

"Tsamiyar ƙofar gidanmu ce, tun kafin a yi dam ruwa ya ci garinmu. Gindinta aka raɗa min suna. Yanzu jirage taka hwasawa."

Na mayar da agogo aljihu, na rungume leda.

Sha ɗaya saura goma hedimasta ya karɓi takardu, ko ɗigo babu.

Yalwa, bayan la'asar

Ra'ayina na nan daram: suna yana wasa ido. Kuskurena, a ƙamus na ƙirga sunayenmu, ban tambayi masu jirgi ba. Na gode wa Allah da Ya maido ni gida, na gode wa Baba Manu da ya ƙi jin maganar malami.