Manja a Gindin Feda

Keken nan da gumina na saye shi, na hannu, bayan na samu aiki a wani gidan burodi a can ƙarshen Dutse Alhaji. Da shi nake zuwa, da shi nake dawowa. 'Yan okada su yi ta tsokana wai mace a kan keke, ni kuwa ko kallo ba su ishe ni ba.

Da damina taifot ya kwantar da ni. Kawu, ƙanen Mama, ya zo dubiya daga ƙauyensu na wajen Kwali. Ya dube ni sau ɗaya, ya koma yana duban keken. Ina kwance Mama ta ba shi aro, aka ɗaure a bayan mota aka tafi. Da na warke sai na koma takawa a ƙasa, kullum da baƙin rai. Na addabi Mama da mita har ta gaji ta kira shi.

Ranar wata Asabar sai ga shi da keken. Ya jingine a tsakar gida yana murmushi.

"Ga shi nan, 'yata. Na kawo ki gan shi hankalinki ya kwanta. Gobe zan koma da shi, haƙar doya ta zo. Har gyara na yi masa."

Wannan kalma ta gyara ita ta fara tayar mini da hankali. Na hau na zaga layi. Feda tana rawa kamar haƙori mai shirin fita, kowane taki sai ta ce ƙas. Ga wani wari yana tasowa daga ƙasa, irin na tukunyar miyar da aka manta a rufe.

Maƙwabcinmu makanike ne a Apo, na karɓo sifana da guduma wajen matarsa. Na kife keken. Ƙarfen da ke riƙe hannun feda babu shi, ƙusa ce aka buga aka lanƙwashe bakinta. Na sha wuya kafin ta fita. Da na kwance marfin gindin feda, sai da na kau da kai na tofar da yawu.

Manja ne. Manja ne aka ɗura, ya ruɓe ya yi baƙi, ya haɗu da yashi ya zama kamar kashin kaji. Na sa tsinke na janyo tsumma, na janyo wani, sannan wani yankin gwangwanin tumatir da aka naɗe a jikin ƙarfen tsakiya. Matattun kiyashi kuwa ba a magana. 'Ya'yan boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen da feda ke juyawa a kansu, da ya kamata su fito suna sheƙi, wasu sun fashe, wasu sun baje, wasu ma babu su. Duk wannan ƙazanta a hannuna, har cikin farce.

Kawu ya matso da kujerarsa yana leƙe.

"Yawwa, kin ga aikin. Da ya fara kuka na ba shi mai."

"Kawu, manja fa. Keke ne ko fate?"

"Mai ai mai ne. Mu a gida da shi muke yi, babu keken da ya taɓa kai ƙara. Tsumman na tare ƙasa ne."

"Ƙasar ai ta tare a ciki."

Mama daga bakin murhu ta ce, "Ke, da kawunki kike magana."

Na tattara tarkacen. Na tafi wajen mai gyaran keke na bakin titi da gawar kayan a leda. Ya buɗe, ya sunsuna, ya ture gefe da ƙafa. Ya ba ni sabbin 'ya'yan boris da marfi da ƙarfen riƙe feda da ɗan giris a takarda, ya ce kada in matse da yawa, kada in bar sako-sako.

Na wanke ramin da kananzir har tsumma ya daina fitowa baƙi. Na shafa giris, na jera 'ya'yan boris a ciki suna manne, na mayar da ƙarfen tsakiya. Na matse, ya ƙi juyawa. Na sassauta, ya yi rawa. Na yi ta tsaki ina sakewa har rana ta yi sanyi. A ƙarshe na juya feda ta tafi shiru, babu ƙara, babu girgiza.

Kawu ya tashi ya juya ta da hannunsa, ya gyaɗa kai.

"Madalla. Yanzu zai ɗauki doya da kyau."

"Ba zai ɗauka ba, Kawu. Ba zan bayar ba."

Ya yi dariya yana duban Mama, yana jira ta gyara maganar. Mama ta ajiye muciya.

"Maimaita in ji."

"Nawa ne, Mama. Da shi nake zuwa aiki. Ba zan bayar ba."

Ban ɗaga murya ba. Na tura keken cikin ɗakina, na saka kwaɗo, na rataya makullin a wuya.

Washegari Kawu ya tafi ko karin kumallo bai tsaya ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa wa bango. Mama ta daɗe ba ta kiran sunana, sai dai "ke". Da Kirsimeti, 'yan uwa duk aka aiko musu da doya daga ƙauye, gidanmu ne kawai aka tsallake. Mama ta sayo tata a kasuwa, ta fere a gabana.

Litinin ɗin da ta biyo bayan tafiyarsa dai na hau kekena na tafi aiki. Ogan gidan burodin ya sa na wanke hannu da omo sau da yawa kafin ya bar ni na taɓa ƙullu.