Tabon da ke Kan Wasiƙa

Tabon na fara gani kafin rubutun. A shekarar da aka katse layukan waya a Maiduguri, saurayina ya aiko mini da wasiƙa daga Maisandari, kuma a ƙasan “ki jira ni” akwai ɗigon da ya jiƙa tawada. Littattafan soyayyar da nake saye a kasuwa sun koya mini cewa hawaye ne. Amma wani yana neman aurena a gida, ina buƙatar tabbaci.

Yayata tana aikin gwajin jini a wani ƙaramin asibiti a Bolori. Sau uku ina zuwa, ina wuce shingen sojoji a ƙasa, ina tarar da babu wuta. A na huɗu ta kankare tabon a kan gilashi, ta ɗiga ruwa, ya bushe, ta sa a madubin likita. Na leƙa na ga ƙananan duwatsu farare, wasu sun yi rassa kamar ganye. Kyansu ya sa ƙirjina bugawa.

“Yaya, hawaye ne ko?”

“Gishiri ne.”

“To ai shi ne!”

“Ke, gumi ma gishiri ne. Wane wata ya rubuta? Ɗauki takardarki, masu zazzaɓi suna jira.”

Na zaɓi hawaye, na jira shekara biyu, bai turo kowa gidanmu ba.

Bara na hau keke napep a Jiddari Polo, sai ga shi yana tuƙi. Ya ce 'ya'yansa huɗu. Tawul ne rataye a wuyansa, har muka isa yana share goshi.