Mabuɗin da Ya Bi Kawu Daji

Shekarar da ruwa ya ɗauke mana bayan shuka, ni ke riƙe da kwamfutar ƙungiyar manomanmu a Sabon Birni. Muna da gwangwanin awon ruwan sama a Gangara, wani a Kamarawa. Masu kula da su su bugo mini waya, ni kuma in shigar. Na rubuta 'yar manhaja mai kwashe awon kowace safiya ta kai ma'ajiyar intanet da kanta, ba sai wani ya zauna ya buga kalmar sirri ba. Can masu rabon iri ke dubawa, su ga garin da shukarsa ta ƙone, su aiko da gero mai saurin nuna kafin lokacin sake shuka ya wuce.

Ranar buɗe ma'ajiyar na so in yanka wa manhajar mabuɗi nata na kanta, wanda bai rataya da wayar kowa ba. Kawuna, shugaban ƙungiyar, ya ɗaga hannu.

"Wane irin mabuɗi na wanga da ba shi da mai shi? Ka taɓa ganin rumbun da mabuɗinai ba ya hannun maigida? Sa lambata."

"To, Kawu."

Iyakar abin da na ce ke nan, ni gwanin boko. Na buɗe da sunansa, lambobi shida suka shigo wayarsa, ya karanto su yana ƙasaita, manhajar ta sami izini. Na san irin wannan izini yakan mutu. Amma ba a musu da babba a gaban jama'a, sai na haɗiye.

Da fari ya yi tsanani, Kawu ya kora shanunsa kudu neman ciyawa, inda waya ba ta kamawa. Izinin ya mutu a bayansa. Ma'ajiyar ta ce sai mai ita ya sake shiga, manhajar tana ƙwanƙwasawa kullum babu mai buɗewa. Ni ban duba ba. Ina shigar da sifili, alamar babu ruwa, in tafi gona in tsaya kallon gero yana nannaɗewa.

Sai da motar iri ta wuce mu na buga wa masu rabon waya. Wata ma'aikaciya ta ɗauka.

"Malam, shafinku fayau yake. Da mun ga sifili da mun zo. Mun ɗauka kun daina awo."

Na yanka wa manhajar mabuɗinta na kanta, ashe ba sai da wayar Kawu ba, tsakanin azahar da la'asar na gama, wannan sauƙin ne abin da ya fi ci mini rai. Sifilin sati shida ya hau gaba ɗaya, ga shi iri ya ƙare. Ihu bayan hari.

Kawu ya dawo da rabin shanunsa, ya rame har na kasa kallonsa.

"Sun ga awonmu?"

"Sun gani, Kawu."

Har yau ban gaya masa ba. Mai awon Kamarawa kuwa bai sake bugowa ba. Na ji an ce matarsa ta cire gwangwanin daga kan sanda, da shi take auna wa yara dusa.