Sawun Ƙaho a Ƙeyar Bello

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Umaru, mahauci a Ƙofar Marke. Allah ya jiƙansa. Har yau in dangi sun taru sai wani ya rage murya ya ce jifarsa aka yi, wai don teburinsa ya fi na kowa ciniki. Ni dai ban taɓa yarda ba. Zargina yana wani wurin.

Likita ya gaya masa yana da hawan jini, ya ce ƙwaya kullum ba fashi, ya kuma rage gishiri da kitse. Yaya ya yi dariya. Mutumin da ya tashi a mayanka, wa zai koya masa jini? A ganinsa in jini ya yi yawa zubar da shi ake yi. Da ƙeya ta yi masa nauyi sai ya kira wanzami a yi masa ƙaho, ya ji sakayau, ya watsar da ƙwayar. Ban aibata ƙaho ba, amma wa ya ce yana maye gurbin magani? Wata safiya yana cikin yankan nama wuƙa ta suɓuce masa, baki ya karkace, ɓarin dama ya shanye. Bai sake magana ba har ya cika.

Yanzu ko a kemis ɗin Sama Road ana auna jini nan take. Da Yaya na raye, zai miƙa hannu? Anya kuwa.

Abin da ke hana ni sukuni ɗansa ne, Bello, da ya gaji teburin. Bara aka ce shi ma jininsa ya hau. Jiya ya zo gaishe ni, ya duƙa, na hango sabon sawun ƙaho a ƙeyarsa.

"Bello, kana shan ƙwayarka?"

"Ina sha, Gwaggo, wallahi."

"To mi yak kai ka ga wanzami?"

Ya yi murmushi yana sosa kunne.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaya ya bar mana kyauta da sakin fuska, Bello ya kwashe duka, har da taurin kan. Ina tsoro, ba zan ɓoye ba. Na ce ya kawo mini kwalin maganin yau in gani da idona, ya ce to. Tun hantsi nake zaune a bakin ƙofa, bai zo ba.