Baƙar Motar Injiniya

Har yau ban manta da ranar da Oga Haladu ya kira ni ya ce in haɗa kayan aiki, zai tura ni gidan wani mutum ba. Litinin ce, ƙarshen damina, ruwan kogi bai gama janyewa daga fadama ba. Lokacin ina shekara ta tara a wurin wankin motar nan namu na Haɗeja, kuma shekara biyu ke nan da aka amince mini in riƙe inji.

Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba, aikin hawa uku ne. Sabon shiga da tayoyi da kafet yake farawa. Idan aka ga yana da natsuwa, sai a ba shi soso ya taɓa jikin mota. Hawa na uku shi ne injin gogewa, wanda ake sa folish da shi. Fentin mota yana da wani siririn shafi marar launi a samansa, shi ne ke ba da ƙyalli. Gogewa da inji kankare wannan shafin ne kaɗan-kaɗan har zane ya ɓace. Idan hannunka ya yi nauyi, ko ka daɗe a wuri ɗaya, ka cinye shi, kuma ba ya dawowa sai an sake fenti. Farar mota tana rufa wa mai aiki asiri. Baƙa kuwa komai ka yi mata sai ta nuna.

Na tambayi Oga me ya sa ba za a kawo motar ba, tunda mu ba ma aikin gida-gida. Ya ce, "Ba ta tashi, batir ya mutu. Mai ita tsohon injiniyan ruwa ne, Alhaji Kyari. Ka je kawai, Sale, ka yi masa aiki mai kyau."

Na loda inji da ƙaramin janareta da bokitai a adaidaita. Gidan yana can ƙarshen gari, ta ɓangaren kogi, inda gidaje suka fara yin nesa da juna. Wata tsohuwa maƙwabciya, Iya Falmata, ita ta buɗe mini ƙofa. Ita ke kawo masa abinci safe da yamma. Ta nuna mini tsakar gida ta koma abinta.

Gidan babba ne, amma shiru kamar ba kowa. Ƙofofin ɗakuna duk a rufe, ban da ɗaya. A gindin wata darbejiya na ga abu lulluɓe da tamfol. Da na yaye, sai na tsaya. Mota ce mai ƙofa biyu, kujera biyu, gajera ƙwarai kamar ta kwanta a ƙasa, irin ta tsere. Ban taɓa ganin irinta a garin nan ba sai a waya. Baƙa ce, amma baƙin ya koma toka-toka. Da rana ta haske ta, sai ga zane-zane a ko'ina kamar saƙar gizo-gizo, ga tabon kashin tsuntsaye da ya ci fenti a rufinta, ga ɗigon ruwan burtsatse da ya bushe ya bar farin gishiri.

Ina cikin dubawa Alhaji ya fito, dogon dattijo cikin farar jamfa, yana tafiya a hankali. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambaye ni yadda na ga motar. Ni kuma don in nuna na san aiki, na ce, "Ranka ya daɗe, duk wanda yake goge motar nan bai san darajarta ba. A bushe yake goge ta, da yashi da komai. Ya cuce ta."

Sai ya ce, "Ni ne."

Ya miƙo mini hannu mu gaisa, sai na ga hannun ya nufi gefena, inda ba kowa. A nan na gane ba ya gani. Na kama hannun da hannu biyu.

"Kada ka damu," in ji shi. "Kullum bayan sallar asuba nakan fito da tawul in shafa ta. Na ɗauka gyara nake yi. Sai da tafin hannuna ya fara jin ta yi kaushi na ce a nemo mini wanda ya sani."

Na ce masa aikin kwana uku ne. Ranar farko wanki kawai na yi. Na tura motar cikin inuwa sosai, don ba a wanke baƙar mota a rana, ruwa yakan bushe kafin ka kai gare shi. Na fara kwarara mata ruwa ba tare da na taɓa ta ba, don yashi ya sauka da kansa. Sannan bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye soso, daga sama zuwa ƙasa. Kashin tsuntsun kuwa jiƙa shi na yi da tsumma har ya yi laushi, ban kankare ba. Alhaji ya jawo kujerar roba ya zauna kusa, yana saurare. In ya ji ƙarar ruwa ta sauya sai ya ce, "Yanzu ka koma ƙofar hagu ko?" Kuma daidai ne.

A nan ya ba ni labarin motar. Ya yi aikin madatsun ruwa da hanyoyin ban-ruwa shekara da shekaru, kullum cikin motar aiki mai laka har gilashi, daga Kirikasamma zuwa Guri da ƙauyukan da ke tsakani. Tun yana saurayi yake sha'awar irin wannan motar, yana ajiye sha'awar. Da ya yi ritaya ya sayo ta ta hannu, mutane suna ta dariya, wai ina titin da zai hau da ita. Bai cika shekara yana tuƙa ta ba ciwon suga ya taɓa idanunsa. Bayan nan matarsa ta rasu. 'Yarsa tana aure a Kaduna, ɗansa yana aiki a ƙasar waje. Duk sun ce ya sayar da ita, ya ƙi.

Ni ma lokacin iyalina suna Guri wajen jinyar surukata, ni kaɗai nake kwana nake tashi. Don haka hirar ba ta dame ni ba.

Rana ta biyu na kunna janareta na fara inji. Doka ita ce ka raba jikin mota ƙananan wurare, ka gama ɗaya kafin ka shiga wani, kuma inji ba ya tsayawa wuri ɗaya. A kan kaifin bonet, wato murfin gaban mota, da bakin ƙofa shafin ya fi siriri, don haka nan ake fi kiyayewa. Kafin azahar na gama rufi da gefe ɗaya. Baƙin ya fito kamar ruwan rijiya, har ganyen darbejiya kana ƙirgawa a ciki. Na juya in nuna wa mai ita, sai na tuna.

Na koma kan bonet. Alhaji yana ba ni labarin ranar da ya ɗauki marigayiya Hajiya a motar suka je har gadar kogi, tana riƙe da mayafinta tana cewa ya rage gudu. Muryarsa ta yi ƙasa, ƙarar janareta ta rufe ta, sai na juya kaina in ji ƙarshen maganar. Injin yana kan kaifin bonet. Bai fi numfashi uku ba. Da na dawo da idona na ɗaga shi, sai ga wani wuri kamar faɗin farcen babban yatsa ya dushe, ya yi toka. Na cinye shafin, na shiga fenti.

Na kashe inji. Ya ce, "Lafiya?" Na ce zan yi alwala ne.

Na tafi bakin famfo na tsuguna da buta, na daɗe ban zuba ruwan ba. Zan gaya muku gaskiyar abin da ya zo mini. Mai motar ba ya gani. Iya Falmata ba ta ko kallon inda motar take. Oga ba zai zo ba. Akwai baƙin kakin shafa wa mota da in na shafa a wurin zai rufe shi wata biyu ko uku. In kuwa na faɗa, dokar wurinmu a bayyane take: wanda ya ƙona fenti, a karɓe inji daga hannunsa sai yadda Oga ya gani. Shekara bakwai na yi kafin in kai ga injin nan. A duk gidan ba mai ido sai ni, kuma ban taɓa jin kaɗaici a wurin aiki irin na wannan lokacin ba.

Muka yi sallah tare, ni na ja shi har kan tabarma. Da muka sallame na ce, "Ranka ya daɗe, na yi maka ɓarna. Na ƙona fenti a kan bonet."

Ya ce in kai hannunsa wurin. Na kama yatsansa na ɗora. Ya shafa, ya sake shafawa, ya ce, "Ban ji komai ba."

Na ce, "Ba a ji da hannu, amma ana gani."

Ya bar hannunsa a kan bonet ɗin. Can ya ce, "Sale, tun da idona ya tafi, komai na tambaya sai a ce mini lafiya lau. Rigata da tsabta? Lafiya lau. Rufin ɗaki ba ya yoyo? Lafiya lau. Yarana in sun kira, su ma komai lafiya lau. Na san don tausayi ne. Amma mutum yakan wayi gari kamar an ajiye shi a wani ɗaki shi kaɗai, ba mai gaya masa abin da ke faruwa a waje. Yau shekara uku, kai ne na farko da ya ce mini wani abu nawa ya lalace."

Sannan ya ce in ci gaba da aikina.

Da yamma na gaya wa Oga Haladu. Ya kalle ni ya ce, "Kai da ka san mutumin ba ya gani?" Na ce shi ya sa. Ya ce in ƙarasa aikin tunda na fara, washegari zai turo mai fenti ya taɓa wurin, sannan in ajiye inji in koma soso sati biyu. Bai ɗaga murya ba, amma bai sassauta ba.

Rana ta uku mai fenti ya zo ya gyara wurin ya tafi. Na sa kaki da hannu a sauran jikin motar, na goge da tawul mai laushi. Sannan na koya wa Alhaji yadda zai kula da ita ba tare da ya cuce ta ba. Na ajiye masa bokiti biyu, ɗaya na ɗaura wa igiya a hannu don ya bambance su. Na ce kada ya ƙara taɓa ta a bushe, kuma a daina rufe ta da tamfol mai yashi, na sa Iya Falmata ta samo tsohon zanen gado. Ya zagaya motar da tafin hannunsa tun daga fitila har baya, a hankali, yana murmushi.

Ina haɗa kaya ya ce, "Ka iya tuƙi?" Na ce na iya. Ya ce, "In an sa mata batir, za ka kai ni gada mu dawo? Gilashi a sauke. Ina so in ji ƙamshin shinkafa kafin a gama yanka."

Dokarmu ta hana ma'aikaci tuƙa motar mai kawo aiki a kan titi sai da izinin Oga. Na ce masa haka, na ce zan nemi izini. Ya ce, "To, ba komai. Ina nan, ina zan je?"

Ni kuwa da laifi a kaina, na ji nauyin tunkarar Oga da wata bukata. Na ce bari sati biyun su wuce. Da suka wuce na faɗa masa, ko tunani bai yi ba ya ce, "Me ya hana ka faɗa tun ranar? Ɗauki batirin motata ka je."

Na isa da hantsi, batir a ƙafata cikin adaidaita. Ƙofar gidan da kwaɗo. Iya Falmata ta fito ta ce jikinsa ya tashi kwana biyar da suka wuce, 'yarsa ta zo da mota ta tafi da shi Kaduna, kuma ba ta jin zai dawo. Makullin ma sun tafi da shi. Ban taɓa karɓar lambar wayarsa ba, ita ma ba ta da ita. Na leƙa ta tsagar ƙofa. Motar tana nan a inuwa, bokitai biyu a gefenta. Na tsaya kaɗan, na ɗauki batirin Oga na koma bakin aiki. Ban sake ganinsa ba, ban kuma ji labarinsa ba.

Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, za a koya muku bokiti biyu da yadda ake riƙe inji, kuma za ku iya cikin 'yan watanni. Abin da na koya a gidan nan ba ya cikin wannan. Kada ku zagi hannun da ya ɓata mota kafin ku san na wane ne. In kun yi ɓarna ku faɗa da bakinku, ko da kun tabbata ba mai gani, don akwai masu motar da maganarku ce kaɗai idonsu. Doka kuma ku bi ta, ni ma ban yi nadamar bin ta ba. Abin da nake nadama shi ne sati biyun da na yi ina jin kunyar tambaya. In dattijo ya roƙe ku ƙaramin abu, ku je ku nemi izinin a ranar.