Kalmar Bature da Ta Cinye Mini Sa

Ko tsufa ya kwashe mini komai a ka, ban ga ranar da zan manta da abin da aka yi mini a ƙofar gidan dagacinmu ba.

Zamanin Turawa ne, ina sabon magidanci a wani ƙauye kusa da Kudan. Ina da shanun huɗa guda biyu, su ne duk abin da na mallaka bayan gona. Ana dab da faɗuwar damina sai ɗayan, wani jan sa mai sanyin hali, ya zurma ƙafa a rami wajen rafi, ƙafar ta karye. Mai ɗori ya zo ya ɗaure ta da kara, ya ce a ba shi lokaci. Ana haka sai muka ji Baturen dabbobi zai ratsa ta garinmu a hanyarsa ta zuwa Makarfi. Na roƙi dagaci ya sa baki a duba mini san, ko a sami magani. Da kaina na roƙa, wannan shi ya fi ci mini rai.

Da ƙyar muka lallaɓa da shi har ƙofar gidan dagaci. Baturen ya sauko daga doki, ya kwance ɗorin, ya lallatsa ƙafar, ya girgiza kai. Sai ya dube ni ya yi magana, ya maimaita: “Put him down.” Ban san harafi ɗaya na Turanci ba a lokacin, amma sautin ya zauna mini a kunne.

Tafintansa, wani dogo mai jar dara, ya juyo ya ce, “Ya ce a kwantar da shi. Ka yarda?”

Na ce, “Malam, mene ne abin ƙi a nan? Na yarda.”

Ni na sa masa igiya. Ni na riƙa shafa wuyansa ina yi masa magana har ya kwanta, don bai saba wani ya kayar da shi ba. Ina tsammanin allura za a yi. Tafinta ya ce in ja baya, na ja. Ban ankara ba sai na ji ƙarar bindiga.

San bai ko shura da kirki ba. Na yi ihu a kawo wuƙa, mutane suka ruga, amma kafin a kawo rai ya fita. Ya zama mushe. Da an gaya mini gaskiya, ai da na yanka shi da bisimilla, mahauta su ɗauka, in haɗa da ɗan abin da ke hannuna in nemi wani. Ga nama jibge a gabanmu, ba mai iya kai ko tsoka ɗaya baki.

Ban san lokacin da na ci kwalar tafintan ba. Na ce, “Kwantarwa ka ce mini! Wannan ce kwantarwar?”

Ya ce, “Sakar mini riga. Abin da ya faɗa na faɗa.”

“Ka san harbi yake nufi ko ba ka sani ba?”

Ya gyara hularsa, ya ce, “Na sani mana. Da na ce maka harbi, da yanzu muna nan kana gardama, Bature kuwa sauri yake yi.”

Wallahi da ba a rirriƙe ni ba, da ban san inda abin zai tsaya ba. Dagaci sai cewa yake, “Yi haƙuri, ɗana, kada ka jawo mana.” Baturen ya tambayi abin da ake wa hayaniya, tafinta ya gaya masa wani abu gajere, ya ɗaga kafaɗa. Wai ai an tambaye ni na yarda, kuma tausayin dabbar ya ji. Ya hau dokinsa. Bai ko tsaya ya ga mun ja gawar zuwa bayan gari ba.

Sa ɗaya ba ya jan garma. Daminar nan da hannu na yi huɗa, rabin gonar ciyawa ta cinye, kafin kaka ta zagayo mun koma sayen hatsi a kasuwa kamar baƙi.

Da rani na tafi Hunkuyi wurin wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙi, wanda aka ce yana jin Turanci. Na maimaita masa sautin nan yadda na riƙe shi. Sai ya ce, “Wa aka kashe maka?” Ka ji, shi nan take ya gane.

A wurinsa na fara koyo, ba don sha'awa ba, don haushi. Ya nuna mini cewa put ɗin nan asalinta ajiyewa ce ko sakawa, amma da an liƙa mata wata 'yar kalma sai ta sauya fuska. Put on, ka sa riga. Put out, ka kashe wuta. In Bature ya ce put off, to ya ɗage maganarka zuwa wata rana, in kuwa ya ce put up with, jurewa yake nufi, abin da mu talakawa muka fi kowa iyawa. Put down kuma, in kaya ne saukewa, in dabba ce kisa. Na ce, “Samanja, wane irin harshe ne zai ɓoye kisa a cikin ajiyewa?” Ya yi dariya ya ce, “Kai da kake cin abinci, ka ci kasuwa, ka ci mutunci, ka ci amana, duk da ci ɗaya?” Ashe ba harshen ne da laifi ba. Laifin na wanda ya san ma'ana ne, ya miƙo mini ɓawon kalma ya riƙe ƙwayar.

Tafintan ban yafe masa da wuri ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma na ɗauki darasi. Tun daga ranar, ko da Hausa aka ce mini “ka yarda?”, ba na cewa to sai na tambaya, “In na yarda, me za a yi?” Wanda ya ji haushin wannan tambaya, to akwai abin da bai gaya maka ba.