Kekena da Sarƙar Goɗiya

Shekarar da na yi aure na sayi keke, da albasar da na noma a fadamarmu ta Boɗinga. Na hannu ne, baƙi, amma da sauran ƙwarinsa. Kariyarsa ta baya, wurin ɗora kaya, ita ce kawai ba ta jure nauyi, sai na kai wa maƙerin unguwarmu ya ƙara mata ƙarfen wata tsohuwar galma. A lokacin ba mu san kulle keke ba. Kekunan garin ba su da yawa, kowa ya san na kowa. Mutum ya jingine nasa a bangon masallaci ya tafi harkarsa.

A kasuwar Shagari aka ɗauke shi. Na sauke albasa, na jingine shi a gindin tsamiya, na tafi sallar azahar. Da na dawo sai sawun taya na tarar a rairayi. Na ɗauka wani aboki ne ya ara, na zauna ina jira har kasuwa ta fara watsewa. Wani mai jakuna ɗan garinmu ne ya ba ni jaki na hau zuwa gida. Amaryata ta ga jaki a ƙofar gida, ta dube ni, ta shiga ta kawo mini ruwa.

Kakata, wadda ta haifi babana, ita ce ba ta raga mini ba. Da wayonta Nasara suka shiga Sakkwato, kuma ni da ita kullum cikin wasan jika da kaka muke.

"Kai dai anka yi maigidan banza," in ji ta. "Wa ka sakin doki ba dabaibayi?"

Ta sa aka jawo mata wani tsohon adudu daga ƙarƙashin gado, ta fito da sarƙa mai kauri, ta yi baƙi ƙirin. Ta ce da ita ubanta yake ɗaure goɗiyarsa a turke, zamanin da ɓarayin dawaki suke yanke igiya su gudu da dabba.

Na ce, "Inna, mi zan ɗaure da ita yanzu?"

Ta ce, "Aje dai. In da rabonka shina dawowa."

Damina ta faɗi, na fid da rai. Sai wata rana wanzamin da yake yi mana aski, wanda yake zaga ƙauyuka da zabirarsa, ya ce ya ga keke a Horo Birni, an shafa masa koren fenti, amma a kariyarsa akwai ƙarfen galma.

Na tafi a fusace, ina shirya maganar da zan gaya wa ɓarawo. Wanda na tarar dattijo ne mai tufkar igiya, ƙafarsa ɗaya ta shanye, yana zaune a inuwar zaurensa, kekena a jingine kusa da shi. Ya ba ni tabarma da fura kafin ya ji abin da ya kawo ni. Da na faɗa, sai ya gaya mini yadda aka yi. Ashe ragonsa ya sayar ya sayi keken a hannun wani baƙo, don ɗansa ya riƙa kai shi kasuwa, saboda hawan jaki yana tayar masa da ciwon ƙugu.

Muka je gaban mai gari. Aka kira waɗanda aka yi cinikin a gabansu, aka duba ƙarfen. Dattijon da kansa ya ce, "Ranka shi daɗe, kayan yaro na. Ban cin haram da tsufana." Ya rako ni har bakin gari yana ɗingishi, yana nuna mini birkin baya da ya sa aka gyara, yana cewa in kula da shi a gangare.

Na hau na taho, amma daɗin da na zata ban ji shi ba. Na gaya wa kakata yadda aka yi. Ba ta tsokane ni ba ranar. Ta ce kawai, "To, shi kuma wa ka kai shi kasuwa?"

Ranar kasuwa ta gaba na yi sammako, na sauke albasa a Shagari, na wuce Horo Birni in ɗauko dattijon. Ya yi ta ƙi, yana cewa hanyar ta yi mini nisa, har dai ya hau. Na sayi kwaɗo na haɗa da sarƙar kakata, ga ta da nauyi kamar dutsen niƙa, sai ya zama shi yake riƙe ta a cinyarsa tare da damin igiyarsa. Tun daga nesa ake jin ƙararmu, yara suna fitowa kallo. In mun isa, shi yake zagaya ta a taya da saiwar tsamiya, ya danna kwaɗo, ya jefa mabuɗin a aljihunsa. Wai ni yaro ne, zan yar.

Shekaru muka yi haka, ban da lokacin da ruwa ya ɓata hanya. A bayan keken nan na ji labarin duk rijiya da kushewar da ke tsakanin garuruwan biyu. Da matata ta haifi ɗanmu na fari, shi ya tufka igiyar da aka ɗaure ragon suna. Baƙon da ya sayar masa da keken ba a sake ganinsa ba, mu ma muka daina zancensa.

Da ƙarfinsa ya ƙare ya daina zuwa kasuwa, sai in karɓi igiyar in kai wa mai rumfar da ke kusa da tsamiyar. In na dawo ya tsare ni da tambaya: wa ya zo, wa ya mutu, gero ya yi kyau a yamma? Nakan zauna in ba shi labari har rana ta yi sanyi, sannan ya kore ni, ya ce in tafi kada iyali su jira.